Bikin fasaha a kan farfagandar yaƙi, amma an sa yara sun cire bango guda. Ku me kuka gani?

Ɗan_Dandali:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya tun jiya, na ce bari in kawo nan a taya ni dubawa. Jami'armu ana makon bikin fasaha, 'yan sashen wasan kwaikwayo da na zane-zane da masu koyon aikin jarida suka haɗa kai, taken bana farfagandar yaƙi da yadda gwamnatoci ke riƙe labari. Wallahi yaran sun yi ƙoƙari. Kana shiga za ka tarar da fastocin yaƙin duniya na biyu da suka sake zanawa da hannu, na Jamus nan, na Ingila can, ga na Rasha ga na Amurka, kowa ya zana abokin gabarsa kamar dodo ko biri ko ɓera. A tsakiyar ɗakin an ajiye tebur, wata yarinya cikin kakin soja tana zaune da reza da baƙar tawada. Kai za ka rubuta wasiƙa kamar kana bakin daga kana aika wa gida, ita kuma ta karanta ta yanke abin da ta ga dama ta miƙo maka. Ni na rubuta "Inna muna lafiya amma yau kwana uku babu abinci, an kashe mana mutum shida". Abin da ya dawo hannuna "Inna muna lafiya", sauran duk huji. Mutane na ta dariya, ni kuwa jikina ne ya yi sanyi.

To ga inda gizo ke saƙa. Akwai bango na ƙarshe da suka shirya a kan namu na gida, ɗauke sabis a Borno a 2013 da Zamfara a 2021, rufe Twitter, da irin sanarwar nan ta an kashe wane sai kuma a gan shi a bidiyo. Ana jibi za a buɗe wani babba a makarantar ya zo zagaye ya ce a cire wannan bangon, wai maganar tsaro ce kuma akwai manyan baƙi da za su zo. Yaran suka cire. Ni tambayata, biki a kan tace labarai da shi kansa aka tace, akwai sauran amfaninsa? Ko kuwa babban nan yana da gaskiya, in ana yaƙi ba kowace magana ake faɗa ba?

Sarkin_Tsokana:
Hhhh ai babban naku shi ya fi kowa cin jarrabawar, ku ba shi lambar yabo. Yara suna yin na wasa shi ya zo ya yi na gaske.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni dai abin wasiƙar nan ne ya taɓa ni. Ka ga uwa ta karɓi takarda ta ga "muna lafiya" ta yi hamdala ta kwanta barci. Tsakani da Allah ban iya cewa an cuce ta ko an taimake ta ba.

Tsohon_Kofur:
Ɗana Ɗan_Dandali, na yi shekara 22 da kaki a jikina kafin in ajiye, bari in gaya maka abin da ba a koyarwa a aji. Labari a wurin yaƙi harsashi ne. In ka rubuta wa innarka kuna gari kaza, ku ɗari biyu ne, abinci ya ƙare, wasiƙar ta faɗa hannun da bai dace ba, ka kashe kanka ka kashe 'yan uwanka. Yanzu ma ba wasiƙa ba ce, waya ce, yaro zai ɗauki hoton motocin sojoji suna wucewa ya ɗora a Facebook don a yi masa layik, bai san ya gaya wa 'yan ta'adda hanyar da za su tare ba. Saboda haka ni ban ga laifin babban nan ba. Ɗalibai su yi karatunsu, tsaro a bar wa masu shi.

Ɗan_Dandali:
Baba Kofur na ji kuma na yarda da rabin maganarka. Amma abin da ke bangon nan ba sirrin soja ba ne fa, abubuwa ne da suka wuce da shekaru kuma kowace jarida ta buga. Wane ɗan ta'adda ne zai ƙaru da jin cewa an rufe Twitter a 2021?

Mai_Alli:
Ina ganin kun cakuɗa abu biyu, shi ya sa za ku kwana kuna ja-in-ja. Ɓoye inda runduna za ta bi gobe daban, ɓoye abin da ya riga ya faru jiya daban. Na farkon daga abokin gaba ake ɓoyewa. Na biyun kuwa abokin gaba ya riga ya sani tunda shi ya yi ɓarnar, wanda ake ɓoye wa shi ne talakan gida. Misali Japan, a yaƙin Midway watan Yuni 1942 an nutsar musu da manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama guda huɗu, suka sanar wa mutanensu cewa nasara aka yi. Amurka ta san adadin da ta nutsar ai, to wa aka rufe? Su Amurkan ma ba kanwar lasa ba ne, sai a watan Satumba 1943 suka bari aka buga hoton gawar sojansu a mujalla, kusan shekara biyu da shigarsu yaƙin. Daga 1991 har 2009 ma an hana 'yan jarida ɗaukar hoton akwatunan gawar sojoji in an sauke su a sansanin Dover.

Ita kanta kalmar farfaganda asalinta ba zagi ba ce, sunan wani ofishi ne da Fafaroma ya kafa a 1622 don yaɗa addini. Yaƙe-yaƙen duniya ne suka ɓata mata suna.

Jikan_Bama:
Kai Ɗan_Dandali ka tuna mini da kakana Allah ya jiƙansa. Yana cikin waɗanda aka kai ƙasar Bama, wato Burma, yaƙin Japan. Akwai wata wasiƙa tasa da kakarmu ta adana a cikin adaka an naɗe ta a tsumma tare da lambobinsa, wani akawun bariki ne ya rubuta masa da boko, kuma wallahi kamar yadda ka faɗa, wuri biyu an yanke da reza tsaf kamar taga. Muna yara mukan ɗaga ta mu leƙa juna ta hujin, kakarmu ta bi mu da muciya. Da na girma na tambaye shi me aka yanke, ya ce sunan kogin da suke ne da sunan abokinsa ɗan garinmu da ya rasu. Sunan kogi na gane, amma sunan mamaci fa? Iyayen mutumin nan sai da aka dawo suka tabbatar.

Kuma ku lura sunayen barikokin nan da muke wucewa kullum, Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, duk daga yaƙin Bama suka samo asali. Yara nawa suka san haka?

Maman_Ilham:
Allah ya jiƙan Kaka. Ka ga wannan wasiƙar ita ya kamata a kai wurin bikin nan, ta fi duk fastocin Turawa.

Jikan_Bama:
Amin Maman Ilham. Ai gwaggona ba za ta bari ta fita daga ɗakinta ba ko da hakimi ne ya aiko.

Abba_Fagge:
Ni abin da na sani duk gidajen rediyon nan na waje da muke ji da Hausa don yaƙin Hitila aka buɗe su, BBC da su Muryar Amurka, don su wanke mana ƙwaƙwalwa. Har yau aikin da suke yi kenan.

Hajiya_Rediyo:
A'a Abba, gyara zancenka. Sashen Hausa na BBC a watan Maris 1957 ya fara, shekara 12 bayan an gama yaƙin. Na Jamus 1963, na Muryar Amurka 1979, na Faransa ma sai 2007. Abin da yake gaskiya a maganarka shi ne ita Muryar Amurka gaba ɗayanta a 1942 aka kafa ta ana tsakiyar yaƙi, kuma da Jamusanci ta fara magana. Sassan Hausa kuwa 'ya'yan zamanin neman 'yanci ne da yaƙin cacar baka, lokacin da Masko da Sin su ma suke watsa shiri da Hausa, kowa na neman kunnen Bahaushe.

In kana neman abin da yaƙin Hitila ya haifa mana da Hausa to ka dubi jarida da majigi. Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu 1939 ta fara fitowa a Zariya, Abubakar Imam na edita, Baturen nan Dokta East na sama da shi. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne jita-jitar da ta cika gari cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus ƙasashen da take mulka don a zauna lafiya. Ka ji sunan ma ai, gaskiya, wato abin da ka ji a kasuwa ƙarya ne, namu ne gaskiya. Da yaƙi ya kankama har wata 'yar takarda aka riƙa fitarwa mai suna Suda ta labarin yaƙi zalla. Ga kuma motar majigi da ke bin garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, mai fassara na tsaye da lasifika yana faɗin abin da aka ce ya faɗa. Ofishin fim na ƙasashen mulkin mallaka a 1939 aka kafa shi a Landan, wanda ya shugabance shi William Sellers ma a Legas ya koyi aikin yana jami'in tsafta.

Amma kar a ce Imam ɗan amshin shata ne kawai. Jaridar da aka kafa don a kwantar wa mutane da hankali ita ce kuma ta buɗe shafin wasiƙu inda 'yan boko na farko suka fara ƙorafi a kan En'e. Wanda ya koya maka karatu don ka karanta nasa, ba shi da ikon hana ka karanta na wani.

Abba_Fagge:
Na karɓi gyara Hajiya, Allah ya ƙara girma. Amma dai kowane gidan rediyo da mai biyan kuɗin wutarsa.

Hajiya_Rediyo:
Wannan kam ba musu ɗana. Na yi aiki a ƙarƙashin soja na yi a ƙarƙashin farar hula. Akwai ranar da na shiga situdiyo da takardar labarai shafi huɗu, saura minti biyar aka shigo aka zare shafi na biyu daga hannuna, aka ce in cike gurbin da kiɗa. Na sa faifai ina kallon agogo hawaye na zuba. Abin da ke shafin kuwa duk garin an riga an sani, gawarwakin ma ta gaban ofishinmu aka wuce da su.

'Yar_Gusau:
Ku yi haƙuri zan yi tsawo don abin nan a kaina ya faru ba labari aka ba ni ba. Farkon watan Satumba 2021 muka wayi gari babu sabis, ba kira ba saƙo ba intanet, aka ce sati biyu ne, sati biyu ya zama wata a cikin Gusau, ƙauyuka kuwa har wajen ƙarshen Nuwamba. Ni ina saida atamfa da leshi ta WhatsApp, kasuwata ta mutu murus, masu POS suka rufe, kuɗinka na banki amma ba ka da na cefane. Mahaifiyata tana Kano ba ta da lafiya, in ina son jin muryarta sai in shiga mota zuwa Funtuwa in tsaya bakin titi in yi waya in juyo, da aka ɗauke na Funtuwa ma sai Zariya. Mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobin tasha kamar zamanin kakan Jikan_Bama, za ka ga direba da ambulan cike da aljihu da lambobin waya a rubuce a bayan kwali, in ya isa inda akwai sabis ya kira ya isar da saƙo.

To duk wannan mun haƙura tunda an ce don a kama masu kai wa 'yan bindiga rahoto ne. Abin da ya fi ci mini rai, in an kai hari ƙauye babu yadda za a yi a kira a nemi ɗauki, kuma babu wanda zai ji a waje. Ƙanin mijina sai bayan kwana huɗu muka ji an shiga garinsu. Shi ya sa da na karanta cewa an cire bangon nan raina ya ɓaci. Mu da muka zauna a cikin duhun ba a ce mana maganar tsaro ce mu yi shiru ba sai yanzu da yara za su liƙa hoto?

Tsohon_Kofur:
'Yata Allah ya ba ku haƙuri, ban raina wahalar da kuka sha ba. Amma ki tambayi mutanen Maiduguri, da aka ɗauke sabis a 2013 ba a samu sauƙi ba?

Ɗan_Yerwa:
Baba ni ɗan Maiduguri ne, ina nan aka yi. An sa dokar ta-ɓaci a watan Mayu 2013 a Borno da Yobe da Adamawa aka kashe layuka, mu a cikin gari watanni muka yi. Gaskiya an samu sauƙi a cikin birni a lokacin ba zan yi ƙarya ba, amma lokacin ne kuma matasa 'yan gora suka tashi suna nuna su gida-gida, to wanne ne ya yi aikin, kashe waya ko tashin matasa? Kowa da abin da zai ce maka. Ni abin da ya kashe mini yarda da sanarwa shi ne Shekau. Sau nawa aka ce an kashe shi, 2013 an faɗa, 2014 an faɗa har da hoto, bayan kwana kaɗan sai ga shi a bidiyo yana dariya. Da ya mutu da gaske a 2021 a Sambisa, kuma ba ma sojoji suka kashe shi ba rikicinsu ne da ɗaya ɓangaren, wallahi a unguwarmu sai da aka yi makonni mutane na cewa ƙarya ne zai fito. Haka 'yan matan Chibok a 2014, kwana biyu da sace su aka fito aka ce an ceto duka saura takwas, iyaye suka ce ina suke, sai aka janye maganar.

Mai_Alli:
Ɗan_Yerwa ka taɓo wurin da ya fi muhimmanci. Ƙaryar yaƙi bashi ce, ana biya daga baya da ruwa. A 1917 jaridun Ingila suka yaɗa cewa Jamusawa na da masana'antar da suke narka gawar sojojinsu suna fitar da mai, a 1925 gwamnatin Ingila da kanta ta amsa a majalisa cewa babu gaskiya a ciki. To da aka zo yaƙi na biyu labarin kisan Yahudawa a sansanoni ya fara fitowa, mutane da yawa suka ɗauka irin waccan tatsuniyar ce. Wannan karon kuwa gaskiya ne.

Almajirin_Zaure:
Salamu alaikum. Tunda an kawo maganar halacci bari in sa baki kaɗan. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa yaƙi ɗan zamba ne, kuma a yaƙin Khandaƙ Nu'aimu ɗan Mas'ud ya shiga tsakanin ƙungiyoyin da suka yi wa Madina ƙawanya ya raba kansu da dabara. Haka aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta yi tir da masu jin labarin aminci ko na tsoro su kama yaɗawa ba su mayar da shi ga masu sani ba. Wannan hujjar Baba Kofur ce. Amma a lura zambar nan abokin gaba ake yi wa. A Uhudu an kashe sahabbai saba'in, ba a dawo Madina an ce an yi nasara ba, Alƙur'ani ma ya sauko ya faɗi kuskuren da aka yi a fili ana karantawa har gobe. Sai kuma aya ta 6 a Hujurati da ta ce a yi bincike in fasiƙi ya zo da labari, ba ta ware fasiƙin gwamnati ko na adawa ko na guruf ɗin WhatsApp ba. Allahu a'alam.

Sarkin_Tsokana:
Allah ya gafarta malam ka taɓo guruf ɗin danginmu kenan. Akwai baffana da ke turo bidiyon yaƙin Siriya ya ce Birnin Gwari ne jiya da daddare, in ka yi magana ya ce ba ka da tarbiyya.

Ɗan_Maraɗi:
Mu nan Nijar muna cikin abin yanzu haka. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 ba a yi sati biyu ba aka rufe RFI da France 24, a Disamba 2024 kuma aka dakatar da BBC wata ukku a kan labarin wani hari. Gaskiya mutane da yawa sun yi murna da rufe na Faransa don an gaji da su, ni ma ban yi kuka ba. Amma tsohona da ke kwana da rediyo a kunne ya ce mini, yaro in an toshe maka kunne guda ba a ƙara ma ɗayan ji ba. Kuma kar ku ɗauka mu kaɗai ne, su Turawan da ke mana wa'azin 'yancin jarida a Maris 2022 suka rufe RT da Sputnik na Rasha, ita kuma Rasha a wannan watan na Maris 2022 dai ta yi dokar ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga wanda ya faɗi abin da ta kira ƙarya a kan sojojinta. Kowa na da rezarsa a aljihu.

Barista_Ba_Kotu:
Ni ina tare da Baba Kofur ta wani gefen. Ku tuna Ruwanda. Gidan rediyon RTLM da aka buɗe a 1993 shi ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai, yana karanta sunayen mutane da inda suka ɓuya, aka kashe wajen mutum 800,000 cikin kwana ɗari a 1994. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta ɗaure waɗanda suka kafa shi a 2003. Da an samu wanda ya toshe rediyon nan tun farko wa zai ce an tauye 'yanci? Ba kowane rufe baki ne zalunci ba.

Mai_Alli:
Barista ai RTLM na masu mulki ne da 'yan korensu, ba na 'yan adawa ba. Matsalar kenan, mai riƙe da makullin rufewa sau da yawa shi ne mai lasifikar. Goebbels, ministan farfagandar Hitila, ma haka ya yi, ya sa aka ƙera rediyo mai araha don kowane gida ya samu, ranar da aka fara yaƙi 1 ga Satumba 1939 kuma aka haramta sauraron tashoshin waje.

Barista_Ba_Kotu:
Na ji. Amma a Janairu 2019 da sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri, dalilinsu jaridar ta buga shirin da ake yi na ƙwato Baga kafin a kai harin. Yadda aka shiga da bindigogi bai dace ba, amma in kai ne kwamanda za ka ji daɗi? Wannan ai yana cikin kashi na farko da ka faɗa da bakinka.

Mai_Alli:
Wannan zan iya ba ka, a kai kotu a yi shari'a. To tarar naira miliyan biyar da aka ci Trust TV a 2022 saboda shirin da suka yi a kan 'yan bindiga fa, wane kashi za ka sa ta?

Admin:
Jama'a a riƙa tausasa harshe kuma banda zagin jam'iyya ko ƙabila. Na goge saƙo biyu.

Sarkin_Tsokana:
Innalillahi, Admin ma ya fito da tasa rezar 😂

Uwar_Biyu:
Ni tambayata ga Ɗan_Dandali, an saka yaƙin basasa a bikin? Don in za a yi maganar farfaganda a ƙasar nan daga nan ya kamata a fara. Biyafara ta ɗauki wani kamfani a Janeba mai suna Markpress yana raba wa jaridun Turai labarai da hotuna, hotunan yara masu kwashiyoko a 1968 suka girgiza duniya. Mu a nan an tashe mu a kan cewa farfaganda ce kawai, alhali yunwar gaskiya ce yara sun mutu ba adadi. Su kuma can an tashe su a kan cewa duk ɗan Arewa so yake ya ƙarar da su. Kisan da aka yi a Asaba a watan Oktoba 1967 ni sai da na yi aure na haihu na taɓa jin labarinsa, a makaranta ko sau ɗaya ba a faɗa mana ba. Abu na iya zama farfaganda kuma ya zama gaskiya a lokaci guda, wannan ne mutanenmu ba sa son ji.

Ɗan_Dandali:
Anti an saka, akwai wasan kwaikwayo na minti ashirin, an raba dandamali biyu, nan mai karanta labarai na rediyon tarayya can na rediyon Biyafara, suna ba da labarin faɗa guda kowa na cewa shi ya ci, a tsakiya wata tsohuwa na zaune da 'yar rediyonta tana murɗawa. Wannan babban bai hana ba. Ina jin abin da ya wuce shekara hamsin ba ya tsorata kowa, na jiya-jiya ne ke da zafi.

Mai_Burushi:
Slm. Wata ƙawata ce ta turo mini wannan zaren, ina cikin waɗanda suka yi aikin bangon da ake magana. Sati uku muka yi a kansa, ni na zana eriyar sabis an naɗe ta da sarƙa. Da aka ce a cire wlh kuka na yi, wasu suka ce mu janye gaba ɗaya amma aikin yana cikin makinmu na zangon nan kuma malaminmu shi za a tsangwama ba mu ba, mutumin kirki ne yana da iyali. Abin da muka yi, mun sauke hotunan amma mun bar ƙusoshin a jiki da 'yan takardun da ke ƙarƙashin kowane hoto masu ɗauke da wuri da shekara kawai. Borno 2013. Zamfara 2021. Babu wanda ya ce a cire waɗannan. Tun jiya babu inda mutane ke taruwa kamar gaban bangon nan, kowa na tambaya ina hotunan, mu kuma mu ce an ce a cire. Wani dattijo ma ya tsaya ya fi minti goma yana ba mutane labarin yadda ya yi tafiyar awa uku don ya kira ɗansa.

'Yar_Gusau:
Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Ki turo mini hoton eriyar nan ta inbok don Allah.

Tsohon_Kofur:
To ni dai har yanzu ina kan bakana a kan abin da ya shafi motsin soja. Amma in wuri da shekara ne kawai da zanen eriya, gaskiya da ni ne babban da ban ce a cire ba, ya jawo wa abin kasuwa ne kawai. Mu ma a bariki akwai lokacin da muke jin adadin 'yan uwanmu da aka ce sun mutu a rediyo mu kalli juna, don mu muka haƙa kaburburan mun san lissafi. Wannan ban taɓa faɗa wa iyalina ba ma.

Abba_Fagge:
Ni fa har yanzu ban yarda a ce yaran sun yi daidai da suka cire ba. Da sun ƙi me zai faru?

Maman_Ilham:
Abba kai da ba ka da maki a hannun kowa ai da sauƙin faɗa.

Ɗan_Dandali:
Mai_Burushi ashe kina nan, sannunku da aiki. Ni da na ga ƙusoshin na ɗauka mantawa kuka yi ba ku zare ba. Gobe ne rufewa ko? Ƙarfe nawa za a sake wasan rediyo biyun, ina so in zo da ƙannena.

Mai_Burushi:
Ƙarfe huɗu bayan la'asar in an kawo wuta, in ba a kawo ba sai mun samu kuɗin man janareta. Ku zo da biro, takardun wasiƙar ma sun kusa ƙarewa.